Shahid Afridi: gwani ne ko ɗan sa'a?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Tawa ne. Na yi zaman neman kuɗi a Sharja, ina aikin lodi a wani sito tare da mutanen Pakistan, kuma a wajensu na koyi kallon kurket, don ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ba su da wata hira sai ita. Babu wanda suke ambato kamar Shahid Afridi. Yau su yabe shi, gobe su zage shi kamar ba su ne suka yabe shi jiya ba. A fadarmu nan gida akwai abokina da shi ma ya zauna can, kullum muka ɗora shayi sai gardama ta tashi. Shi ya ce Afridi ɗan sa'a ne kawai, rufe ido yake yi ya kai duka. Ni kuma na ce ba a taɓa yin kamarsa ba. Malam, raba mana gardama. Sannan gaskiya ne zai sake dawowa ya buga wa ƙasarsa? Kuma yaron nan Shaheen Afridi ɗansa ne?

Mai karatu daga Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A gai da mutanen fada. Afridi gwani ne, sai dai kai da abokinka duk kun zuba ido a kan sandar da yake bugu da ita, alhali sana'ar da ta riƙe shi shekara 20 a ƙungiyar ƙasarsa ita ce jifa.

Saboda masu karatu da ba su taɓa kallon wasan ba, ga yadda yake. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Mai jifa yana auna turaku uku da aka kafa a bayan mai bugu, shi kuma yana kare su da faffaɗar sanda yana tara maki. In ƙwallo ta gangara ta fita fili maki 4 ne, in ta tsallake iyaka ta sama maki 6. In aka doki turakun, ko aka cafe ƙwallo kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita ke nan, sai wani ya shigo. Akwai wasan kwana biyar, akwai na yini ɗaya mai jifa 300 ga kowane ɓangare, akwai kuma gajere mai jifa 120.

A watan Oktoban 1996 Pakistan tana wata gasa a Nairobi, sai mai jifanta Mushtaq Ahmed ya ji rauni, aka kira wani yaro Bafatane ɗan asalin Khyber wanda ya tashi a Karachi, wato Afridi, ya maye gurbinsa. Ka lura, don jifa aka kira shi. Ranar 4 ga wata, a karawa da Siri Lanka, aka tura shi bugu da wuri ko zai ɗan hanzarta maki, sai ya ci 100 a jifa 37. Bugunsa na farko ke nan a wasan ƙasa da ƙasa, kuma ba a taɓa yin ɗari da sauri haka ba. Babu wanda ya karya wannan tarihi sai ranar 1 ga Janairun 2014, da Corey Anderson na Niu Zilan ya yi a jifa 36. Takarda ta ce shekarar Afridi 16 a lokacin, ko da yake shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ya girmi hakan.

A ganina ranar nan ta Nairobi ce ta ɗaukaka shi, ita ce kuma ta ɗaure shi. Tun daga ranar duk lokacin da ya ɗauki sanda, jama'a jifa 37 suke jira. Ana ta kiran "Bum Bum", laƙabin da suka sa masa, shi kuma ba mutum ne mai iya toshe kunne ba. In ya kare jifa biyu a tsanake sai fili ya fara gunaguni, na uku sai ya ɗaga ta sama, ko ta tsallake ko ta faɗa hannun wani. Kai mutumin Adar ne, ka san irin ɗan kokowar nan da ba ya jiran komi: da an kama sai ya kai hari, ko ya ka da mutum kafin makaɗa su gyara zama, ko shi ya sha ƙasa. Ba kasafai irinsa yake ɗaukar takobi ba, amma in an kira sunansa babu mai tashi ya tafi sayen ruwa.

Abokinka yana da hujja, kuma gara in ba shi ita cikakkiya. Afridi ya buga wasan yini ɗaya 398, ya tara maki 8,064. In ka raba da yawan fitar da shi da aka yi, 23 ne da ɗan ɗori, alhali manyan masu bugu suna haura 40. Sau 6 kacal ya kai ɗari, sau 39 ya tsaya tsakanin 50 da ɗari, wato kusan shiga takwas kafin ya yi abin kirki sau ɗaya. Sau 30 ya fita ba shi da maki ko ɗaya. Kuma yakan yi haka a ranar da aka fi bukatarsa. A wasan ƙarshe na gasar duniya ta gajeren wasa a Johannesburg a 2007, jifan farko ya ɗaga sama aka cafe, Indiya ta ɗauki kofi da ratar maki 5. A Mohali a 2011, wasan kusa da na ƙarshe na gasar duniya, shi ne kyaftin, ya kai 19 ya sake ɗagawa aka cafe. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na filin Lord's a Landan a 2010. An ba shi jagorancin wasan kwana biyar da Ostareliya, ƙungiyarsa tana neman wanda zai tsaya ya ci lokaci, sai ya kai wa ƙwallon da Marcus North na Ostareliya ya jefo duka yana da maki 2, aka cafe shi a bakin iyaka. Ana tashi ya ce ya bar wasan kwana biyar, don ba shi da haƙurin da yake bukata.

Abin da ya sa nake jin zafin wannan shi ne na san zai iya. A Chennai a 1999 ya tsaya ya ci 141, Pakistan ta doke Indiya a gidanta da maki 12. Zamanin da Bob Woolmer yake horar da su ya ci 156 a Faisalabad a 2006. A wasan kwana biyar 27 matsakaicinsa ya haura 36, ya kai ɗari sau 5. Wanda ya rufe ido ba ya yin wannan. Laifin ma ba nasa ne shi kaɗai ba: yau a sa shi ya buɗe wasa, gobe a mai da shi na bakwai ko na takwas, jibi a ajiye shi a gida. Da wuya mutum ya zauna da gindinsa a wurin da bai san ko zai kwana ba.

Ina karatu a Islamabad lokacin gasar Asiya ta 2014. Ranar 2 ga Maris na kalli wasansu da Indiya a wata rumfar mai shayi, talabijin rataye a bango, direbobin tasi sun ajiye motoci sun cika ƙofa. Saura jifa 6, Pakistan tana neman maki 10. Jifan farko Ashwin, mai jifan Indiya, ya fitar da Saeed Ajmal, ya rage in aka sake fitar da ɗaya wasa ya ƙare. Junaid Khan ya lallaɓa ya ci 1, ya miƙa wa Afridi. Wani dattijo kusa da ni ya juya wa talabijin baya yana jan carbi, ya ce ba zai iya kallo ba. Afridi ya ɗaga ta farko ta tsallake. Ta biyu ma bai same ta da tsakiyar sanda ba, ta yi sama kamar za ta sauko hannun mai tsaro, ƙarfin damtse ne kawai ya kai ta waje. Madara ta tafasa ta zube a wuta, mai shayi bai ko waiwaya ba. Da abokinka yana wurin zai ce ga sa'ar da nake faɗa, kuma a bugu na biyu ba zan musa masa ba. Amma dattijon nan ya san mutuminsa, shi ya sa ya juya baya, shi ya sa kuma bai tafi gida ba.

Yanzu mu zo ga abin da kuka bari a fada. Afridi ya fitar da mutum 395 a wasan yini ɗaya. A duk tarihin wasan mutum huɗu ne kawai suka fi shi: Muralitharan, Wasim Akram, Waqar Younis da Chaminda Vaas. Jifansa na murɗe ne, wanda ake murza ƙwallo da wuyan hannu don in ta daki ƙasa ta karkace. Yawancin masu irin wannan jifa a hankali suke sakin ta, su ba ta iska. Shi kuwa da gudu yake zuwa ya sake ta da ƙarfi, tana shigowa tana lanƙwasowa wajen ƙafar mai bugu, sannan ba zato ya jefo wata miƙaƙƙiya mai saurin da ya kusa na masu jifan gudu. Kafin mutum ya sauke sanda turaku sun watse, shi kuma ya tsaya ƙafafu a ware, hannuwa biyu a sama. A nan ba a ganin yau fari gobe baƙi. Zai yi maka jifansa 60 ya matse abokan karawa ko da ranar bai ci maki ko ɗaya ba.

Duba gasar 2007 ɗin nan da ya ba da kunya a wasan ƙarshe: shi aka zaɓa gwarzon gasar baki ɗaya, kuma mutum 12 da ya fitar su ne babban dalili. A 2011 da ya faɗi a Mohali, ya fitar da 21, babu wanda ya fi shi a gasar sai Zaheer Khan na Indiya da suka yi kunnen doki. A 2013 an ajiye shi, aka dawo da shi a Guyana, ya ci 76 sannan ya fitar da mutum 7 a kan maki 12. Shekarar da hannuwansa biyu suka yi aiki tare kuwa ita ce 2009, a gasar duniya ta gajeren wasa a Ingila. Wata uku kafin nan an kai wa motar ƴan wasan Siri Lanka hari a Lahore, ƙasashe suka daina zuwa Pakistan, abin da ya sa wasanninsu na gida suka koma Sharja da Dubai da Abu Dhabi inda ka same su. A wannan hali ya ci 51 ya fitar da biyu a karawa da Afirka ta Kudu, sannan a wasan ƙarshe ya ci 54 ba a fitar da shi ba, yana ɗaukar maki ɗaya-ɗaya da bibbiyu kamar ba shi ba, har suka ɗauki kofi a Lord's. In za ka nuna wa abokinka wasa guda a waya, wannan za ka nemo.

Yana da tabo, ba zan ɓoye ba. A Perth a 2010 kyamara ta kama shi yana cizon ƙwallo don ya sauya yanayinta, aka dakatar da shi wasa biyu. Kyaftin ne a ranar, yara suna kallo, kuma abin bai dace da shi ba.

Maganar dawowa kuwa, na san inda ta samo tushe, don ya saba wa mutane da haka. Ya ce ya bar wasan kwana biyar a 2006 ya dawo, ya sake bari a 2010. A 2011 ya yi fushi da hukumar kurket ta ƙasarsa ya ce ya ajiye, bayan ƴan watanni ya dawo. Ya bar na yini ɗaya bayan gasar duniya ta 2015, ya yi sallama da wasan ƙasa da ƙasa a watan Fabrairun 2017, ya ci gaba da gasar ƙungiyoyi ta Pakistan har 2022. Amma wannan karon an rufe. Ko a lissafin takarda an haife shi a 1980, ya kai 45 tun 2025. In ka gan shi da sanda yanzu, wasan tsofaffin ƴan wasa ne ko na tara taimako.

Abin da ya rage masa a wajen fili yake. Tun 2014 yana da gidauniya mai aikin lafiya da ruwan sha da makarantu, har da asibiti a yankin Kohat. A Disambar 2022 an ba shi riƙon shugabancin masu zaɓen ƴan wasa na ɗan lokaci, a wannan zama aka dawo da Sarfaraz Ahmed wanda ya daɗe a benci, ya ci ɗari a Karachi ya zama gwarzon karawarsu da Niu Zilan. Wannan aikin nake ganin ya dace da shi, don wanda aka sha ajiyewa ana dawo da shi ya san ɗan wasan da bai ƙare ba. Zan kuma so a ba shi yara masu jifan murɗe ya koya musu. Horar da masu bugu ne ba zan ba shi ba, domin yara da yawa sun kwaikwayi ɗaga ƙwallonsa ba su da damtsensa ba su da idonsa, kuma ba su da jifan da zai riƙe musu gurbi ranar da bugu ya ƙi.

Shaheen Shah Afridi ba ɗansa ba ne, surukinsa ne, ya auri ƴarsa a 2023. Afridi sunan ƙabila ne, shi ya sa suka yi tarayya a kansa, kuma shi ma lamba 10 yake sawa a rigarsa kamar Shahid. An haife shi a 2000, dogo ne, bahago, jifan gudu yake yi. Shi ne ya fitar da manyan masu bugun Indiya Rohit Sharma da KL Rahul da Virat Kohli a Dubai a watan Oktoban 2021, ranar da Pakistan ta fara doke Indiya a wata gasar duniya.