Tambaya da Amsa: Idan annoba ta rufe gari, wa za a fara tallafa wa, kuma da me?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar taimakon kai da kai a Sabuwar Unguwa, cikin birnin Katsina. Lokacin korona mun tara kuɗi mun raba hatsi, amma aka yi ta ƙorafi cewa mabuƙata na gaskiya ba su samu ba. Muna so mu shirya tun kafin wata annobar ta zo. Daga ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku fara da rajistar mabuƙata tun yanzu da gari yake lafiya, domin yawanci a nan rabo yake lalacewa.

Talakan birni hannu baka hannu ƙwarya yake. Ɗan acaɓa, mai tura baro, mai wanki da guga, duk ranar da ba su fita ba, da wuya a ɗora tukunya. An ga haka a Afrilun 2020 da aka rufe Daura bayan ɓullar cutar a can, ga azumi kuma ya kama cikin watan.

Wajen rajista, tukunya za ku ƙirga, kada ku ƙirga ƙofar gida. Gidan haya ɗaya yana iya ƙunsar iyali biyar, kowa da murhunsa. In aka miƙa wa mai gida buhu, 'yan haya sun tashi a tutar babu. Kwamitin ya haɗa da mai unguwa da liman, amma lallai a sa mata aƙalla biyu, kamar ungozoma da malamar Islamiyya. Su ne ke shiga har tsakar gida, su suka san bazawarar da ke riƙe da marayu da tsohuwar da kunya ba za ta bari ta roƙa ba. A sa waɗannan a gaba, tare da naƙasassu, masu juna biyu da masu shayarwa. A riƙa sabunta rajistar duk wata shida, kuma a ware kashi ɗaya cikin goma na kayan saboda waɗanda aka tsallake, don ba a rasa su.

Batun yawan abinci, ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne kusan giram 400 na hatsi, 60 na wake, 25 na mai da 5 na gishiri ga mutum ɗaya a rana. Ga iyali mai mutum bakwai, a wata ya kama kilo 84 na hatsi, wato kwano 34 in kwanon ya kai kilo biyu da rabi, da wake kwano biyar, mai kusan lita shida, gishiri kilo ɗaya. Ƙungiyar unguwa da wuya ta iya wannan. Gara ku ba gidaje ƙalilan rabin wannan a kai a kai da ku watsa wa kowa kwano ɗaiɗai da zai ƙare cikin kwana biyu. Ku haɗa da kuɗin niƙa, gawayi, sabulu da na ɗan garuwa. In babu su, sai a sayar da rabin geron da araha don a iya dafa sauran.

Idan kasuwa na ci, kuɗi ya fi, domin uwar gida ta fi kowa sanin ko magani ne ya fi matsa mata. Idan an rufe kasuwa kuma farashi ya haura, hatsi ya fi. A kai gida-gida da asuba ko bayan magariba, mai karɓa ya dangwala yatsa. Tara jama'a a filin makaranta yana yaɗa cutar, kuma masu ƙarfi ne ke ture masu rauni.

Akwai asarar da ba a cika gani ba. Matar da ke suyar ƙosai ko awara a cikin gida takan cinye jarinta cikin makon farko, shi ya sa ko an buɗe gari ba ta farfaɗowa. Ku keɓe ɗan jari da za a ba irinsu ranar da aka sassauta doka, kuma mai unguwa ya roƙi masu gidaje su ɗaga wa 'yan haya ƙafa. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da ƙafafunsa suka kumbura, ko awon damtsensa ya gaza santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. A kai shi asibiti ranar, kada a jira rabo.