Amsa ga mai sabuwar motar naitiro: ka bar maganar sabon inji tukuna

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka sayi motarka ta farko mai rimot wadda ke amfani da man naitiro, tana tashi amma da ka ba ta wuta sai ta mutu, har kana tunanin sauya mata babban inji da ƙafafun alminiyam, wato hannayen da ke riƙe da tayoyi. Barka da shigowa cikinmu. Amma ka mayar da kuɗinka aljihu, don ina kyautata zaton injinka lafiyarsa ƙalau, saiti ne bai zauna ba.

Abin da na so a ce wani ya gaya mini tun farko shi ne, wannan inji ba shi da wani baƙin mai da aka zuba masa daban. Man da yake sha, shi ne kuma ke shafe cikinsa. Haɗi ne na metanol da naitirometan (yawancinmu mai kashi 20 cikin ɗari muke sakawa) da kuma man shafawa. Don haka duk lokacin da ka rage wa inji mai don ya ƙara gudu, ka rage masa abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Ni haka na lalata injina na farko. Na matse allurar saita mai ta kafireta, na ji kukansa ya yi zaƙi, motar na tashi kamar an harba kibiya, ina ta murna. Ban lura cewa hayaƙi ya daina fita daga salansa ba. Kafin galan ɗaya ya ƙare fistin ya saki, sai in ja igiyar tayar da inji in ji ba nauyi ko kaɗan. Laifina ne, ba na kowa ba.

Ka yi masa horon farko kuwa, wato lallaɓa sabon inji har sassansa su zauna? Ba ka faɗa ba. Irin waɗannan injuna ba su da zobe a jikin fistin. Hannun riga, wato bututun ƙarfen da fistin yake gudu a ciki, shi ne aka ɗan tsuke daga sama, sai zafi ya buɗa shi su dace da juna. Shi ya sa sabon inji ke da taurin ja. Kamfanin Traxxas, masu motar T-Maxx da ta fito a 1999 ta ja mutane da yawa cikin harkar nan, tanki biyar suka tsara: kana farawa da ɗan totur kaɗan, kana ƙarawa sannu a hankali, mai kuma a wadace. Kowane kamfani da tsarinsa, ka bi na littafin motarka. Idan ka kashe inji yana da zafi, ka murza shi da hannu har fistin ya sauka ƙasa kafin ya huce, kada rigar ta tsuke a kansa.

To, ga kafireta. Abubuwa uku ne a jikinta: babbar allura mai kula da mai idan an buɗe wuta, ƙaramar allura mai kula da silo da ɗaukar farko, sai sukurun silo wanda ke barin ƙofar iska a buɗe kamar milimita 1. Juyawa ta hannun agogo rage mai ne, akasin haka ƙari. Ka fara mayar da duka inda littafi ya ce, ka bar injin ya ɗauki zafi sosai, sannan ka taɓa babbar allura ita kaɗai. Kada juyi ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka yi gudu sau biyu ko uku, ka saurara. Mutane kan kama allurai biyu a lokaci guda suna murɗawa, daga baya su rasa wacce ta ɓata lamarin.

Yadda take mutuwa shi zai gaya maka ciwon. Idan ka ba ta wuta ta yi gurgur kamar mai kurkure baki, hayaƙi ya turnuƙe, ɗanyen mai na tsartuwa daga salansa, mai ya yi yawa. Idan kuwa kukan ya yi sama siriri sannan ta yanke farat ɗaya, babu hayaƙi, yunwa take ji, kuma wannan ne mai haɗari. Ga gwajin ƙaramar allura: tana silo, ka matse tiyon mai kusa da kafireta da yatsu. In saiti ya yi daidai za ta ci gaba kamar daƙiƙa 3, kukan ya ɗan hau, sannan ta mutu. In ta mutu nan take ƙara mata mai, in ta daɗe tana yi rage kaɗan.

Abu na farko da zan ce ka saya shi ne ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa. Ka auna a kan fulogi. Tsakanin digiri 100 zuwa 125 a ma'aunin Salshiyos hankalina kwance yake. Ya haura 130, ina tsayawa in ƙara mai. Kada kuma ka zaci saitin jiya zai yi maka yau. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana neman ƙarin mai, rana mai zafi kuma a ɗan rage.

Kafin ka zargi allura ma, duba fulogi. Ba tartsatsi yake yi ba, ɗan zaren ƙarfe ne mai filatinam a ciki. Cire shi, ka sa masa abin kunnawa, wato na'urar batiri da ke gasa zaren. In bai yi ja jawur ba, ko shi ya gaji ko batirin ya yi sanyi. Ka riƙa yawo da biyu ko uku. Duba tiyo ko ya tsage, har da wanda ya taso daga salansa zuwa tanki, don shi ke tura mai. In igiya ta ƙi jawuwa, kada ka yi mata ƙarfi: yawanci mai ne ya cika inji. Cire fulogi, kifa motar, ja igiyar ya zube, ka kawar da fuskarka.

Maganar ƙafafun alminiyam, ni ban goyi baya ba. Roba tana lanƙwasa ta dawo, in ta karye canjinta ba wuya. Alminiyam ba ya saurin karyewa, sai ya miƙa dukan ga abin da ke bayansa, wanda ya fi tsada da wahalar kwancewa. In dai sai ka kashe kuɗi, ka sa sifirin mai mayar da totur da na'urar da ke taka birki idan sigina ta yanke. Na taɓa bin tawa da gudu tana kuka a cikakkiyar wuta saboda batirin risiba, wato na'urar da ke karɓar siginar rimot, ya mutu, Allah Ya taimaka shinge ta daka ba ƙafar mutum ba. Bayan su sai batirin risiba mai caji na bolt 6, da na'urar juya sitiyari (servo) mai haƙoran ƙarfe, tunda manyan tayoyi na wahalar da na roba.

In ka gama wasa, ka tsiyaye tanki, ka tayar da inji ya ƙone ragowar. Metanol na jan danshi, ya kwana ciki sai boris ya yi tsatsa. Ɗiga man adana inji kaɗan ta kafireta da ramin fulogi, ka ja igiya sau da yawa. Soson matatar iska kuwa ka wanke shi ka sake shafa masa mai bayan kamar awa guda na gudu, kada ka taɓa tayar da inji babu shi ko na minti ɗaya.

Ka ƙone galan guda a kan injin nan kafin mu sake zancen babba. Yanzu dai ka gwada matse tiyon, ka dawo ka gaya mana daƙiƙa nawa ta yi, da irin man da kake zuba mata.