Na goge fayiloli amma rumbun ajiya bai ragu ba

Malam, ka ce ka goge fayiloli da yawa, amma rumbun nan mai ba da fili gwargwadon buƙata har yanzu a cike yake. Gogewa sunan fayil kawai take cirewa. Shi rumbun ba wanda ya sanar da shi cewa wurin ya zama fanko, sai an aika masa umarnin UNMAP, wato saƙon da ke ce masa ya saki wurin da aka goge.

Ga yadda ake aika shi: a Linux buga umarnin fstrim -av. A Windows Server yi Optimize-Volume da -ReTrim. In VMware ne (manhajar da ke gudanar da kwamfutoci da yawa a cikin na'ura ɗaya), tsarin fayil ɗinta VMFS6 da kansa yake aika UNMAP tun sigarta ta vSphere 6.5, tsohon tsarin VMFS5 kuwa sai da hannu.

Amma don Allah fara duba tsofaffin sinafshot, wato hotunan yanayin rumbu da ake ajiyewa don a iya komawa baya. A wani ofishi a Bompai su suka riƙe mana wurin, rumbu ya cika maƙil, sabobi (manyan kwamfutocin ofishin) suka tsaya cak ana tsakiyar aiki. Aikin UNMAP kuwa ka bari sai bayan isha'i, domin yana yi wa rumbun nauyi.