Neman ƙananan masu dafa giya a baƙon gari

Ɗan'uwa, ka ce in ka sauka a baƙon gari kana son ɗanɗana giyar da ake dafawa a can, amma kullum sai ka ƙare a mashayar otal da kwalaben da ake samu ko'ina. Dalili shi ne ƙananan masu dafawa ba su da kuɗin talla, kuma galibi suna gefen gari.

Fara bincike tun kafin ka tashi. Duba Google Maps da manhajar Untappd (inda masu shan giya ke rubuta sharhi), ka lura da ranar sharhin ƙarshe, domin irin waɗannan wurare kan rufe ba sanarwa, wasu ma ba kullum suke buɗewa ba. In ka samu guda, tambayi mai zuba maka su wa kuma ke dafawa a garin. Sun san juna sosai, kuma a bakinsu na fi samun kwatance mai kyau. Da ka ga manyan tankunan ƙarfe a bayan gilashi, to a nan ake dafawa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ƙarfin giyar. Ta yau da kullum wajen kashi 5 cikin ɗari ce, amma wasu nasu kan kai 9 ko 10, kuma a baki ba ka ji. Nemi ƙananan kofunan ɗanɗano, ka bar mota a masauki.

Ka san dokar ƙasar: a Amurka sai mai shekara 21, a Kuwait kuwa an hana ta gaba ɗaya. In kana shan magani, tambayi likita tukuna.