Binciken haihuwar kifin shak yana da amfani?

Ka tambaya ko binciken digiri na biyu kan haihuwar kifin shak zai taimaka wajen kare halittun teku. Sosai ma kuwa. Shak ba ya yaɗuwa da wuri: wasu nau'o'in kan ɗauki ciki kusan shekara 2, na tekun Girinlan da ke can arewacin duniya kuwa sai ya kai kimanin shekara 150 kafin ya balaga. Idan masunta suka kwashe masu ciki, cike gurbinsu sai an jima. Ƙididdigar 2021 ta IUCN, wato ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta nuna kusan kashi 1 cikin 3 na danginsa na fuskantar ƙarewa.

Shawarata, ka mai da hankali kan gano wuraren da suke haihuwa, domin nan ne za a iya hana kamu. Ka kuma koyi aiki da na'urar hoton ciki, tana nuna 'ya'yan ba tare da an kashe uwar ba.