Kafin ka sauya kamfanin intanet, auna jinkirin tukuna

Salamu alaikum Malam. Ka ce a gidanka na Agege kana biyan intanet mai megabit 50, YouTube na tafiya sumul, amma da ka kira ƙaninka da ke Jidda ta WhatsApp sai murya ta riƙa yankewa, yara kuma suna kukan wasansu na daskarewa da dare, har kana shirin sauya kamfani. Dakata tukuna. Ni ma na sha wannan wahalar a Idi-Araba, na sauya kamfani a banza, matsalar ta biyo ni, domin ashe a cikin ɗakina take.

Abin da ke damunka jinkiri ne, kuma shi daban yake da gudu. Megabit 50 kamar faɗin titi ne, jinkiri kuwa lokacin da saƙo ɗaya ke ɗauka ya je ya dawo, da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) ake auna shi. Gadar Third Mainland faɗi gare ta, amma ka san yadda take ranar Litinin da safe. YouTube yana tara bidiyon a gaba kafin ka kai wurin, shi ya sa ba ka lura. Kira da wasa ba su da wannan gatan.

Ka buɗe Command Prompt (wurin rubuta umarni a kwamfuta mai Windows) ka rubuta ping 192.168.1.1 -t, umarnin da ke auna jinkiri. Lambar nan adireshin rautarka ne, wato na'urar da ke raba intanet a gida. A wasu 192.168.0.1 ne, a ƙananan na'urorin Huawei kuma 192.168.8.1, duba takardar da ke manne a ƙasanta. Idan da kebul ka haɗa, milisakan 1 ya kamata ka gani, da waifai kuma bai kamata ya wuce 10 ba sai jefi-jefi. In ka ga yana tsalle zuwa 200 ko 300, to kamfani ba shi da laifi, saƙonka bai ma fita ƙofar gida ba. In wannan lafiya lau, sai ka gwada ping 8.8.8.8 -t, wato adireshin wata kwamfutar Google da ke can waje a intanet, sau ɗaya da safe, sau ɗaya bayan isha.

A nan na kama nawa ɓarawon. Da safe komai daidai, da dare lambar ta haura 800. Na yi mako guda ina zargin kamfani. Ashe da zarar mutanen gida sun dawo wayoyinsu sun hau waifai, sai Google Photos ya fara kwashe hotuna da bidiyon ranar yana ɗorawa. Uwargida kuma tana sayar da atamfa da leshi, da dare take ɗora bidiyon kaya a sitatus. Hanyar ɗorawa a yawancin layukan gida ta fi ta saukewa ƙunci, idan ta cika sai rauta ta jera saƙonni a layi, muryarka ta tsaya a bayan bidiyon leshi tana jiran a zo kanta. Ka shiga fast.com, bayan ya gama ka danna maɓallin ƙarin bayani, zai nuna maka jinkiri iri biyu: lokacin da layi ke sake da lokacin da yake ɗauke da kaya. In na biyun ya ninka na farkon sau goma, ciwonmu ɗaya.

Maganin da ya yi mini aiki shi ne shiga saitin rauta, wurin da aka rubuta QoS, a wasu SQM, na ƙayyade gudun ɗorawa da saukewa zuwa kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na abin da layin ke bayarwa. Za ka ga kamar ka yi asara, amma layin jiran ne ya watse. Tun daga ranar ba a sake ce mini "ba na jinka" ba. In rautar da kamfani ya ba ka ba ta da wannan saitin, ka dakatar da ɗora hotuna a wayoyin gida sai an kwanta barci.

Idan kuwa tun a gwajin farko ka ga tsalle, waifai ne. A unguwa irin Agege gida na jikin gida, kowa da rautarsa, kuma a zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kacal ba sa shiga juna: 1, 6 da 11. Ka koma 5 GHz in na'urarka na da shi, sai dai ba ya ratsa bangon bulo sosai. Fito da rautar daga bayan talabijin, ka ɗora ta sama inda iska ke kaɗawa, zafin Legas ma kan gajiyar da ita. Na'urar wasan yara kuwa kada ka wahalar da kanka, sayo kebul Cat6 a Computer Village da ke Ikeja ka haɗa kai tsaye.

Akwai jinkirin da babu mai cire maka shi. Haske a cikin wayar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya, kuma wayoyin ƙarƙashin teku irin MainOne ta 2010 da Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022 bakin teku suke bi har Fotugal. In sabar wasan, wato babbar kwamfutar da ke gudanar da shi, tana Turai, wajen milisakan 100 haƙƙin tafiya ne. In yara na kunna VPN su kashe, ƙara nisan hanya yake yi.

Ban sani ba ko faiba gare ka ko rauta mai layin waya. In mai layi ce, da dare kai da dukan unguwa kuke rabon eriya ɗaya, abin da za ka iya shi ne matsar da ita bakin taga. Turo mini lambobin nan uku, na rauta, na 8.8.8.8 da safe da na dare, in duba maka in Allah ya yarda.