Tambayoyinku kan kwamfuta: na ƙara wa saba diski amma ta ƙi gani

Salamu alaikum jama'a. Ban san me ya shiga sabobin arewa, wato kwamfutocin da ke riƙe bayanai suna yi wa sauran hidima, wannan makon ba, daga Ngaundere har Injamena kowa kukan diski ya cika yake yi. Masu tambayar waya ku yi haƙuri sai mako mai zuwa, yau ta masu fatishan ce.

Tambaya daga Ngaundere: Malam, sabata Ubuntu ce a kan VMware, manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta a cikin kwamfuta, na ƙara diski daga giga 50 zuwa 200 amma df -h tsohon girman yake nuna min. Na kashe na kunna har sau uku.

Amsa: Ko sau talatin ka kunna ɗan'uwa, kashe da kunnawa ba rubutun sha ba ne. Filin maƙwabci ka saya amma katangar gidanka tana nan inda take, kuma ko ka matsar da katangar sai ka ƙara daɓe kafin a shimfiɗa tabarma. Diski shi ne filin, fatishan katangar, tsarin fayil kuma daɓen. Buga lsblk, in ka ga 200 a kan sda to sai growpart /dev/sda 3, ka lura akwai tazara tsakanin sda da 3, a nan rabin mutane ke faɗuwa. Tunda Ubuntu Server da LVM take zuwa in ba ka canja ba, wato wani mataki tsakanin fatishan da tsarin fayil, sai pvresize /dev/sda3 sannan lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv. Wannan -r ɗin shi ke faɗaɗa tsarin fayil ɗin a tare. Wanda ba shi da LVM resize2fs zai buga in tsarin fayil ɗinsa ext4 ne, xfs_growfs / in XFS ce.

Tambaya daga Marwa: Windows Server ce, ga fili nan babu komai a kai, amma "Étendre le volume", wato maɓallin faɗaɗa fatishan, ya yi toka-toka ba ya dannuwa.

Amsa: Duba da kyau Hajiya, akwai wani ɗan ƙaramin fatishan na farfaɗowa da ya tsaya tsakanin C da filin. Windows ba ta tsallake maƙwabci, sai filin yana manne da C ta hannun dama. Ki buga reagentc /disable, ki cire ɗan fatishan ɗin a diskpart da delete partition override, ki faɗaɗa C ki bar kamar giga ɗaya a ƙarshe, ki sake gina shi a can, sannan reagentc /enable. Ki tabbata wanda kika zaɓa shi ne kafin ki danna, diskpart ba ya tambayar ko kin tabbata.

Tambaya daga Garwa: Malam ka taimake ni don Allah. Ni ke kula da sabar lissafi ta wani shagon magani. Diski ya cika, VMware ta ƙi bari in ƙara sai na goge sinafshot, wato hoton halin da diskin yake ciki a wani lokaci, na goge. Na bi wani bidiyo na shiga fdisk na goge fatishan na sake yi babba, ya yi min wata tambaya kan signature na danna Y, sannan w. Yanzu saba ta ƙi tashi. Ba ni da bakof, wato kwafin ajiya a wani wuri daban, sinafshot ɗin ne kawai. Alhaji bai sani ba tukuna.

Amsa: Kai ƙanena. Zauna tukuna, cire hannunka daga kibod.

Wannan jimlar taka ta "sinafshot ɗin ne kawai" ita ke hana ni barci wallahi, shekara nawa ina faɗa a wannan fili sinafshot ba bakof ba ne, yana zaune ne a kan diski ɗaya da abin da kake son tsarewa, ba cikakken kwafi ba ne, bambanci ne kawai da ya dogara da ainihin diskin, in uwar ta mutu ɗan ma ya bi ta. Kuma ka ga abin dariyar, VMware ba ta yarda a ƙara girman diski muddin akwai sinafshot a kansa, wato daidai ranar da ka fi bukatarsa ita ce ranar da dole ka rabu da shi. A wurin nan ya kamata gabanka ya faɗi ka ce tsaya, in na goge wannan me ya rage min? Amma ina, mai bidiyo yana ta surutu da kiɗa a baya kai kuma kana bin sa kamar makaho da ɗan jagora. Shi sabarsa ta gwaji ce, in ta mutu ya sake wata cikin minti biyar. Taka kuma bashin kwastomomin Alhaji na shekaru ne a ciki.

Kuma ranar Juma'a da yamma ka yi ko? Ba ka faɗa ba amma na san halinku.

To ga albishir. Goge fatishan a fdisk ba ya taɓa fayil ko ɗaya, tebur ɗin da ke cewa daga nan zuwa nan kawai yake canjawa. Kuma wannan tambayar da ya yi maka ita kanta alama ce mai kyau, don in ext4 ce a diskinka, ba zai ga signature ɗinta, wato sa hannunta, ba sai in ka fara sabon fatishan daidai sektar, wato gurbin diskin, da tsohon ya fara. Kuskurenka Y ɗin ne, N ake dannawa, kullum N. Abin da ya goge ɗan tambari ne a babban sufabulok, wato inda ake rubuta bayanin tsarin fayil ɗin kansa, ita kuwa ext4 tana ajiye kwafinsa a wurare da yawa cikin diskin. Ka tada sabar da ISO na ceto, wato faifan tada kwamfuta don gyara, kafin komai ka kwafe fayil ɗin diskin gaba ɗaya zuwa wani wuri daban, eh yanzu, ihu bayan hari ne amma ya fi babu. Sannan e2fsck -b 32768 a kan fatishan ɗin, galibi a can kwafin farko yake. In bai kama ba mke2fs -n zai lissafa maka sauran wuraren, kuma ka kalli wannan -n ɗin sau biyu kafin ka danna Enter, in ka manta shi sabon fomat ka yi, daga nan sai dai mu yi maka jaje.

Sauran masu karatu da ke riƙe da tsofaffin sabobi ku ma ku ji. Tsohon fdisk daga sekta 63 yake fara fatishan na farko, na yanzu daga 2048. In ka goge ka danna Enter Enter ba ka duba ba, katanga ta sauka a tsakiyar ɗaki kenan, saba ba za ta gane komai ba. Ni al'adata kafin in taɓa ko wane diski sai na buga sfdisk -d /dev/sda na tura sakamakon wata kwamfutar, sannan in ɗauki hoton allon da wayata. Daƙiƙa goma ce. Kuma tunda akwai growpart me ya kai mutum goge fatishan da hannu in ba neman suna ba?

Sai maganar wuta, tunda a Garwa kake ba a Faransa ba. Faɗaɗa fatishan ta ƙarshensa aikin ƙiftawar ido ne, amma matsar da shi daga wuri zuwa wuri awowi ne ana kwashe bayanai bulo bayan bulo, in wuta ta ɗauke a tsakiya rabi yana can rabi yana nan. Ni kaina na sha wannan. Watan Afrilu ne, zafin nan da kujerar roba ke manne wa mutum a baya, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja, ina wani ofis ina matsar da fatishan da GParted, ya wuce rabi sai ɗif. Ondula, wato na'urar batiri mai riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ta yi ƙara sau biyu ta mutu, ashe batirinta ya daɗe da tafiya ba wanda ya gwada, mai gadi kuma ya tafi neman man gurup, wato janareta. Kwana biyu na yi a ofishin nan ina cin biredi da sardin ina tsintar fayiloli, abin da ya cece ni wani tsohon kwafi ne da sakatariya ta yi a filas don kanta ba wanda ya sa ta. Tun ranar ba na fara irin wannan aikin sai na zare filogin ondula daga bango na ga da idona minti nawa take riƙewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhaji kuwa ka je ka faɗa masa da bakinka kafin ya ji a bakin mai karɓar kuɗi, kuma tunda ransa zai ɓaci ko yaya, ka haɗa da roƙon kuɗin diski na waje guda biyu.

Tambaya daga Kusseri: growpart yana ce min babu fili, alhali filin nake son ƙarawa.

Amsa: Yana bukatar ɗan wurin rubutu a /tmp, kai kuma ka bari ta cika maƙil. Buga mount -t tmpfs -o size=10M tmpfs /tmp ka sake gwadawa, in ka gama umount /tmp. Ka kuma yi journalctl --vacuum-size=200M, za ka sha mamakin tarkacen da ka tara.

Tambaya daga Injamena: Na sayi diski mai tera 4, fatishan ya ƙi wuce tera 2. An cuce ni ne a kasuwa? Sannan /home ɗina XFS ce ta yi girma, ina son in rage ta in ba wa /.

Amsa: Ba wanda ya cuce ka Malam, bar bawan Allah ya ci kasuwarsa. Teburin fatishan ɗinka tsohon salo ne, MBR, iyakarsa tera 2 a diski mai sekta 512, sai ka koma GPT, gdisk yana juyawa, amma in daga diskin saba ke tashi sai ka gyara GRUB, manhajar da ke tada ta, bayan nan. XFS kuwa ba ta raguwa, gaba kawai ta sani. Ka kwashe kayan da xfsdump, ka rushe, ka gina ƙarama, ka mayar. Kuma ka koma sama ka karanta amsar mutumin Garwa kafin ka fara.